Ƙujewar ta warke, targaɗen ya ƙi: ko ƙafata ta lalace ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29. Wata biyu ke nan da na yi targaɗe a idon sawuna na dama wajen ƙwallo. Na yi tsalle na sauka a kan ƙafar wani, tawa ta lanƙwashe ciki, na faɗi har na ƙuje ƙwauri. Ƙujewar ta warke cikin mako biyu, sai tabo. Bayan kwana goma da na ji zafin targaɗen ya tafi sai na koma fili, a ranar ƙafar ta sake turguɗewa, ta kumbura fiye da farko. Tun daga nan na ɗaure ta da bandeji, ba na taka ta sai dole, kuma kullum ina shan diclofenac safe da dare. Har yanzu tana kumbura da yamma, ta yi tauri, in na taka wuri marar daidai sai in ji kamar za ta zame. Ban je asibiti ba. Wasu abokaina suna cewa raki ne, wasu suna cewa in ci gaba da hutar da ita. Aikina na tsayuwa ne, ina tsoron rasa shi. Me ya sa fata ta warke amma na ciki ya ƙi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ka lafiya. Ba raki kake yi ba, kuma cikin duk abin da ka zayyana ban ga alamar ƙafarka ta lalace har abada ba. Abin da na gani shi ne gaɓar da aka ɗora wa nauyi tun ba ta shirya ba, daga baya kuma aka hana ta motsi a lokacin da ta fi bukatarsa. Irin wannan yana gyaruwa. Sai dai wasiƙa ba ta taɓa ƙafa, don haka duk abin da zan faɗa maka yana tafe da sharaɗi guda: cikin makon nan ka kai ƙafar nan asibiti a duba ta.

Ƙujewar da targaɗen hanya ɗaya suke bi wajen warkewa, saurinsu ne ya bambanta. Tun da ta ƙwaurinka ka gan ta da idonka, mu fara da ita. Da fatar ta ƙuje, nan take ƙananan hanyoyin jinin wurin suka tsuke. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, waɗanda ake kira filatilet, suka taru a bakin ciwon suka manne da juna, wani furotin mai suna fibrin ya saƙa raga ya riƙe su. Kafin ka gama kakkaɓe jikinka jinin ya fara tsayawa. Wannan gudan jinin ne ya bushe ya zama ɓawon da ka gani.

Washegari wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau ɗumi, yana zugi. Waɗannan alamomi huɗu tun ƙarni na farko na Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su, har yau kuma ana koyar da su ga ɗaliban likitanci. Mutane da yawa suna ɗaukar su a matsayin cutar kanta, alhali jiki ne ya buɗe hanyoyin jini da gangan don fararen ƙwayoyin jini su samu fita zuwa wurin. Rukunin farko suna isa cikin awanni, su cika wurin a kwana ɗaya zuwa biyu, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Bayansu sai manya, makurofaj, su cinye matattun ƙwayoyi da dattin da ya saura, sannan su fitar da sinadaran da ke tayar da mataki na gaba. In ba su yi nasu ba, gyaran ba ya farawa.

Daga wajen kwana na uku ko na huɗu har zuwa mako na uku, ƙwayoyin fibroblas suna zuba kolajin, furotin mai siffar zare wanda ke ba fata da jijiya ƙarfinsu. Sababbin hanyoyin jini suna tsirowa cikin ciwon, shi ya sa sabon nama kan yi jini da an ɗan taɓa shi. Fata kuma tana rarrafowa daga gefe. A ƙujewa marar zurfi irin taka ma ba daga gefe kaɗai take zuwa ba: saiwoyin gashi da ƙofofin gumi da suka tsira a ƙarƙashi, kowannensu yana fitar da sababbin ƙwayoyin fata, sai wurin ya rufe ta wurare da yawa lokaci guda. Ga jini wadatacce, ga shi babu nauyin da ke jan ta. Mako biyu sun ishe ta.

Amma rufewa daban, ƙarfi daban, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Kolajin ɗin da jiki ke zubawa da farko siriri ne, na gaggawa, a warwatse ta ko'ina. Ka ɗauke shi kamar cukurkuɗaɗɗen zaren da aka cusa a rami: ya toshe ramin, amma bai zama igiyar da za ka ja guga da ita ba. Mataki na ƙarshe, wanda ke farawa wajen mako na uku ya ɗauki watanni, har shekara guda ko fiye, shi ne jiki ya riƙa warware wannan na farkon a hankali yana maye gurbinsa da mai kauri, yana jera shi layi-layi. An auna wannan a fata. Ciwon da aka ɗinke, bayan mako uku ƙarfinsa kusan kashi 20 cikin 100 ne na lafiyayyar fata. Bayan wata uku yakan kai wajen kashi 80, kuma a nan yake tsayawa, domin tabo ba ya taɓa komawa ƙarfin fatar asali. Ka lura, duk wannan aiki na watanni shiru ake yin sa, ba a jin komai. Zafi yana tafiya ne da lafawar kumburi, tun ƙarfi bai iso ba.

Yanzu ka koma idon sawunka. Idan ƙafa ta lanƙwashe ciki, jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gefen waje su ke shan wahala. Uku ne a wannan gefen, wadda ta fi yawan yagewa kuwa ita ce ta gaba, da ta taso daga ƙullutun ƙashin nan na waje ta kama ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Likitoci suna raba targaɗe gida uku: wanda jijiyar ta miƙe ta ɗan tsattsage, wanda ta yage amma ba ta rabu ba, da wanda ta tsinke ɗungum. Na farko kan lafa cikin mako ɗaya zuwa uku, na biyu mako uku zuwa shida, na uku sai watanni. Irin wannan jijiya fara ce, domin jinin da ke isa gare ta kaɗan ne in an gwada da na fata ko tsoka, kuma duk kayan gyara, daga iskar oksijin har ƙwayoyin da na lissafa maka, ta jini suke zuwa. Ga shi aikinta riƙe gaɓar da ke ɗauke da jikinka duka, a guje ma nauyin da ke sauka a kan ƙafa yakan ninka sau biyu zuwa uku. A kwana na goma, lokacin da ka ji zafi ya tafi, ɗanyen kolajin ne kawai ke riƙe da yagewar. Ka yi masa gudu da juyi da birki, ya saki. Targaɗe na biyu ya sa aikin gyaran ya koma farko, a kan jijiyar da ta riga ta raunana. In za ka yi ƙirge, daga wannan rana ta biyu za ka fara.

Ban ga laifinka ba a komawar da ka yi, kusan kowa da zafi yake auna warkewa. Abin da ya biyo baya ya fi damuna, domin shi kake ciki har yanzu. Jiki ba da ka yake jera sabon kolajin ba, inda ake jan sa yake bi. Ƙwayoyin fibroblas suna jin ja da matsi, suna shimfiɗa kolajin ta fuskar da nauyi ke bi. Gaɓar da aka ɗaure aka ajiye makonni ba ta ba su wannan saƙo, sai tabon cikin ya zauna a cukurkuɗe, ya manne da abin da ke kewaye da shi, gaɓar ta sandare. Tsokar bayan ƙwauri kuma, wato sha-raɓa, tana saurin ramewa in ba a aiki da ita, alhali ita ke matse hanyoyin jini tana tura jini sama duk lokacin da ka taka. Kumburin da kake gani da yamma, mai yiwuwa mafi yawansa daga nan yake: ka wuni ƙafa a ƙasa, tsokar da za ta kwashe ruwan tana kwance.

Jin nan na kamar za ta zame shi ma yana da tushe. A cikin jijiyoyin gaɓa akwai ƙananan jijiyoyin saƙo masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take da yadda ta karkata, ko da idonka a rufe yake. Su ke sa tsokokin gefen ƙwauri su yi wuf su gyara takunka tun kafin ka san ka taka dutse. Targaɗe yana dagula wannan saƙo. Wani likitan ƙashi ɗan Birtaniya, Michael Freeman, ya bayyana haka tun 1965, ya kuma nuna cewa atisayen daidaita tsayuwa yana rage zamewar. Wannan ji ba ya dawowa da kwanciya, sai an sake koya wa ƙafar. A wasu nazarce-nazarcen, har kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka yi targaɗen idon sawu sukan zauna da gaɓa mai yawan turguɗewa. Ba na so ka shiga cikinsu kana ɗan shekara 29.

Masu ce maka ka ci gaba da hutu ba da mugunta suke faɗa ba, tsohuwar koyarwa ce. A 1978 wani likitan wasanni ɗan Amurka, Gabe Mirkin, ya yaɗa ƙa'idar nan ta hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa, duniya ta karɓa. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Abin da masana suka fi karkata a kai yanzu shi ne a kare gaɓar kwana ɗaya zuwa uku na farko, a ɗaure, a ɗaga, daga nan a fara taka ta gwargwadon yadda zafi ya bari.

Ga dalilin da ya sa na nace ka je asibiti. Akwai raunukan da ke fakewa a bayan targaɗe. Ƙashin gefen ƙafa mai tafiya zuwa ƙaramin yatsa kan tsage a gindinsa. Guringuntsin da ke saman ƙashin cikin gaɓar kan ɓantare. Jijiyar da ta haɗa ƙasusuwan ƙwauri biyu, sama kaɗan da idon sawu, kan yage, ita kuma ta fi daɗewa kafin ta warke. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada, ƙarƙashin Ian Stiell, suka fitar da gwaji mai sauƙi na gane wanda ke bukatar hoton ƙashi. Daga cikin abin da ake dubawa akwai jin zafi idan an danna bayan ƙullutun ƙashin ciki ko na waje ko tsininsa, ko gindin ƙashin ƙaramin yatsa, da kuma kasa yin taku huɗu bayan raunin. Don sabon rauni aka tsara shi, amma ka gaya wa likita ko ka iya takawa a faɗuwar farko da ta biyu, zai amfane shi. In hoton ƙashi bai nuna komai ba kuma ciwon ya ƙi, akwai hoton MRI da ke nuna jijiya da guringuntsi. Ka roƙa a haɗa ka da likitan fisiyo, wato mai gyara gaɓoɓi ta hanyar atisaye. Abu guda kuma ba ya jiran mako: idan sha-raɓarka ta kumbura ta yi ɗumi tana ciwo, ko numfashinka ya fara sarƙewa, ko ƙirjinka yana suka, ka tafi a take. Ƙafar da ta daɗe ba motsi jini kan daskare a cikinta, gudan kuma yana iya tafiya huhu.

Diclofenac safe da dare na tsawon makonni ya tayar min da hankali fiye da ƙafar. Shi da 'yan'uwansa irin su ibuprofen suna cin bangon ciki har su jawo gyambo da zubar jini, suna wahalar da ƙoda, suna iya ɗaga hawan jini. Ka dakatar da shi, ka gaya wa likita tsawon lokacin da ka yi kana sha. Idan bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin, ko kana jin zafi a saman ciki, kada ka ɓoye masa. In zafi ya matsa, farasitamol ya fi sauƙin illa, muddin babba bai wuce giram 4 a yini ba. Ban da haka ma, maganin yana hana ka jin abin da ƙafarka ke gaya maka, kuma da wannan jin za ka auna atisayen da ke gabanka.

Idan likita ya tabbatar babu karaya ko wani ɓoyayyen rauni, ka kwance bandejin nan na kullum ka fara da motsi. A zaune, ƙafa a ɗage, ka riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsanka, ka ja ƙafar sama ka tura ta ƙasa, sau da yawa a yini. Ka tsaya gaban bango, dunduniya a ƙasa, ka tura gwiwa gaba ta nufi bangon ba tare da dunduniyar ta ɗaga ba. Wannan motsin ne ya fi ɓacewa bayan targaɗe, rashinsa ke kawo ɗingishi da wahalar sauka matakala. Ka yi tafiya ta gaske, dunduniya ta fara sauka, yatsu su tura. Gajeriyar tafiya ba ɗingishi ta fi doguwa da ɗingishi amfani. Sai neman ƙarfi: ka ɗage a kan yatsu ka sauko a hankali, da ƙafa biyu tukuna kana dafe da kujera, daga baya da ɗaya. Ka riƙa tura gefen ƙafar waje a jikin roba mai miƙewa ko ƙafar tebur, don tsokokin da ke hana ta lanƙwashewa ciki. Sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 kusa da abin dafawa. In ta zauna maka ka rufe ido, in wannan ma ta zauna ka hau kan matashi. Kada ka raina wannan na ƙarshen don ba ya sa gumi, shi ne maganin zamewar da kake ji.

Ma'auninka mai sauƙi ne. Zafi kaɗan, kamar 3 cikin 10, wanda ya lafa kafin wayewar gari, ba matsala ba ne. In ka tashi kumburi ya ƙaru ko zafi ya fi na jiya, ka yi yawa, sai ka rage rabi amma kada ka daina. In ka ji suka mai tsanani a cikin gaɓar, ka tsaya ka kai wa likita labari.

Jiki yana bukatar kayan aiki: furotin, bitamin C, sinadarin zinc da isasshen barci. In babu bitamin C kolajin ba ya ƙulluwa. A tafiyar da George Anson na Birtaniya ya yi ta zagaya duniya a jirgin ruwa daga 1740 zuwa 1744, mutanensa sun yi watanni babu ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace, har raunukan da suka warke shekaru da yawa suka sake buɗewa, domin jiki ba ya daina sabunta kolajin ɗin tabo. Mai cin abinci mai gina jiki da 'ya'yan itace ba ya bukatar ƙwayoyin ƙari. In kana shan taba, ka sani tana tsuke ƙananan hanyoyin jini, hayaƙinta kuma yana rage oksijin da jini ke ɗauka, a jijiyar da tun asali jininta kaɗan ne. Ciwon suga ma yana jinkirta warkewa, amma saurin da ƙujewarka ta yi alama ce mai kwantar da hankali.

Tabon ƙwaurin zai ci gaba da laushi da dusashewa har wajen shekara. In ya fara tasowa yana faɗi ya wuce iyakar ciwon asali, ka nuna shi tun yana ƙarami. Gaba in ka sake ƙujewa, ka wanke da ruwa mai tsabta, ka shafa basilin, ka rufe. Tun 1962 George Winter ya nuna a gwajinsa kan aladu cewa ciwon da aka rufe ya zauna da danshi yana yin fata kusan ninki biyu na saurin wanda aka bari ya bushe. Sifirit a cikin ciwo yana kashe sababbin ƙwayoyin da ke gyaran. Ka kuma tambayi likita game da allurar tetanus idan ka shekara goma ba a yi maka ba.

Game da aikinka, tsayuwa cik wuri ɗaya ta fi tafiya kumbura ƙafa. Ka karɓi takardar likita ka nuna wa shugabanka, ka nemi izinin zama na 'yan mintuna kowace awa na wasu makonni. Kana tsaye ka riƙa ɗaga dunduniya sau goma-goma, ka sa safa mai matsewa da takalmi mai riƙe dunduniya, da dare kuma ka ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjinka tudu.

Komawa fili kuwa, kada kalanda ko abokai su yanke maka rana. Sai ka iya ɗagewa a kan yatsun ƙafar kaɗai sau 20 kamar yadda lafiyayyar ke yi, ka tsaya da ita ido rufe daƙiƙa 30, ka yi tsalle da ita gaba da gefe babu zafi babu fargaba. Daga nan gudu a miƙe, sannan gudu mai juye-juye, sannan atisaye da ƙwallo, sannan rabin wasa. Ka sa abin ɗaure idon sawu na 'yan wasa, mai igiya, duk lokacin da za ka buga, na wata 6 zuwa 12. Idan ka yi wata uku zuwa shida kana atisayen nan tsakani da Allah amma har yanzu tana zamewa, ka koma wurin likitan ƙashi. Akwai tiyatar ɗaure jijiyar, wadda Lennart Broström ɗan Suwidin ya bayyana a 1966, har yau kuma ana yin ta, sai dai kaɗan ne ke kaiwa ga bukatarta. Ka rubuto min bayan ka ga likita, ka gaya min abin da ya gani.